Foman Tsakanin Baki Uku: Yadda Za Ka Tafiyar da Wurin Gini Idan Umarni Ya Ci Karo da Umarni

An zuba dakin, wato rufin kankare, ranar Asabar. Injiniya ya ce kada a taɓa gorar da ke tallafe da shi sai an cika kwana 21. A kwana na tara mai gida ya iso da yamma tare da baƙinsa, ya ce gobe a kwance katako, yana so birkila ya shiga yaɓe. Kafinta kuwa tuni ya yi alkawarin kai katakon wani wurin. Da dare ɗan kwangila ya bugo waya: "Ka yi yadda Alhaji ya ce, ai shi ke biya." Foman ya kwana bai runtsa ba, washegari ya sauke haushinsa a kan leburori.

Masu aikin gini da yawa sun sha tambayar yadda ake fita daga irin wannan tsaka mai wuya. Ɗaukar bulo yana gajiyar da jiki, amma barci yana maganinsa. Gajiyar da barci ba ya warkarwa ita ce ta mutumin da baki uku ke ba shi umarni, kuma ya san ko ta wa ya bi, laifin a kansa zai ƙare. Wannan jagora domin foman ne da shugaban birkiloli da duk wanda aka ɗora a kan ma'aikata. Mai gida da ɗan kwangila su ma za su ga nasu a ciki.

Abin da za ka tanada

Littafi mai bango mai ƙarfi na rubuta abin da ya faru kullum. Littafin rasit mai kwafi biyu ko uku, na rubuta umarni. Allo ko ɓallen filawud da alli. Kwafin zanen ginin na ƙarshe, a cikin leda saboda ƙura da ruwa. Waya mai ɗaukar hoto. Kwanon sarki iri ɗaya, girma ɗaya, na awo. 

Mataki na 1: Rubuta wa ke da baki a kan me

Tun ba a haƙa harsashi ba, ɗauki takarda ɗaya ka raba hurumi.

Mai gida yana da baki a kan kuɗi, da lokaci, da abin da ido ke gani: irin tayil, launin fenti, ƙofa ta katako ko ta ƙarfe. Mai zane yana da baki a kan fasali: girman ɗaki, inda taga za ta zauna. Injiniya shi kaɗai ke da baki a kan duk abin da ke ɗauke da nauyi: zurfin harsashi, kaurin rodi da tazararsa, awon kwaɓi, ranar kwance katako. Ɗan kwangila yana da baki a kan ma'aikata, da kawo kaya, da jerin aiki. Kai foman naka shi ne rabon aikin yini, da tabbatar da an yi shi yadda zane ya ce.

A manyan kamfanoni wannan rabo yana cikin takardar kwangila. A ginin gidaje na cikin unguwa ba wanda ke rubuta shi, shi ya sa rikicin ya fi yawa a can.

Hattara: ka tabbata injiniyan da za ka jingina da maganarsa injiniya ne na gaske. A Najeriya hukumar COREN ke yi wa injiniyoyi rajista, CORBON ta magina, ARCON ta masu zane. A wurin gini duk wanda ya sa hular kwano fara ana kiran sa Injiniya. Tambayi lambar rajistarsa cikin ladabi, ka rubuta a shafin farko na littafinka.

Akwai kuma mutum na shida da takarda ba ta san da shi ba: ƙanen mai gida ko amininsa da aka ce ya riƙa "leƙa aiki". Kada ka raina shi, kada kuma ka bar matsayinsa a buɗe. Ka nemi mai gida ya faɗa da bakinsa: wakili ne mai yanke magana, ko ɗan kallo ne mai kai rahoto?

Mataki na 2: Zama ɗaya, a tsayar da baki ɗaya

Tara su wuri guda, ko da minti talatin ne a ƙarƙashin bishiya. Karanta musu takardar, ka nemi abu ɗaya: duk umarnin da zai kai ga ma'aikata ya biyo ta kanka, duk umarnin da zai zo gare ka ya biyo ta bakin mutum ɗaya, galibi ɗan kwangila, ko mai gida in shi ke gina abinsa da kansa.

Yadda za ka faɗa yana da muhimmanci, domin ba mai gidan da ke son a ce masa ba shi da iko a kan gininsa. Ga irin lafazin da ke shiga: "Ranka ya daɗe, gida naka ne, abin da kake so shi za a yi. Roƙona kawai, in ka ga abin gyara ka faɗa mini ni. In ka faɗa wa birkila, ni ma na faɗa masa wani abu, zai ruɗe, kuma kuɗinka ne zai ƙone."

Hattara: kada ka bar wannan zama sai rigima ta tashi. Bayan faɗa, kowa zai ɗauka gyara kujerarka kake yi.

A nan ne kuma za ka sauke wa kanka kayan da ba naka ba. Foman da shi ne mai sito, shi ne mai sayen kaya, shi ne mai biyan leburori, ya haɗa wa kansa zargi uku. Ranar da buhu biyar suka ɓace, ba shi da shaida sai kansa. In ba a da halin ɗaukar mai sito, a ba maigadi makulli, kai ka riƙe littafi, ku sa hannu tare a kan duk abin da ya shiga ko ya fita.

Mataki na 3: Umarnin da ya canza zane sai a rubuce

Duk maganar da ta saɓa wa zane, rubuta ta nan take a littafi mai kwafi: kwanan wata, wanda ya faɗa, abin da ya ce, wurin da ya shafa. Ya sa hannu, ya ɗauki kwafi ɗaya. In ta waya ce, da ka kashe wayar tura masa saƙo a WhatsApp: "Kamar yadda ka ce yanzu, za a matsar da tagar falo ƙafa biyu zuwa gabas. In haka ne ka amsa mini kafin mu fara." Ka jira amsar. Saƙon murya ma ya isa, muddin ka ajiye shi.

Ka haɗa da farashin canjin tun a lokacin. Bulo mai inci 9 yana cin kusan guda 10 a kowace murabba'in mita. Bango mai mita 3 tsawo da mita 3 faɗi ke nan kusan bulo 90, da siminti kusan buhu biyu na ɗaurawa, da yinin birkila da leburansa, ban da ladan rusawa da kwashe ɓaraguzai. Mai gida da yawa da zarar sun ga lissafi a rubuce sai su ce a bar bangon inda yake. Wanda ya ce a rusa kuma, ya san abin da ya saya.

Hattara: "Ai mun saba" ita ke kashe foman. Wanda ya ba ka umarni da baki yau, bayan wata uku ba lallai ƙarya zai yi ba, mantawa zai yi da gaske. Ka fara rubutun tun daga ranar farko, ga kowa, domin kada wani ya ga shi kaɗai aka ƙi amincewa da shi.

Ka kuma lura da zane. In an gyara shi, karɓe tsohon daga hannun kafinta da mai ɗaurin rodi, ka ja masa layi babba. Zane biyu a wuri ɗaya daidai yake da shugaba biyu.

Mataki na 4: Idan umarni biyu suka yi karo

Nan ne zuciyar aikin. Duk tsarin da ka yi, ranar za ta zo. Kada ka zaɓi na wanda ya fi ɗaga murya, kada kuma ka yi ƙoƙarin faranta wa duka biyu, taura biyu ba ta taunuwa. Abu na farko, tsayar da wannan ɓangaren aikin kaɗai, ka mayar da ma'aikata wani abin: jiƙa bulo, tankaɗe yashi, share wuri. Ma'aikatan da ke zaune suna kallon manya na gardama su ne ke ƙara maka zafin kai, kuma kuɗin yininsu yana tafiya.

Sannan ka tambayi kanka, wannan saɓanin wane iri ne cikin uku.

*Na ado.* Launi, irin tayil, tsayin dakali. Na mai gida ne. Ko kana ganin bai yi kyau ba, faɗi ra'ayinka sau ɗaya, ka rubuta, ka yi.

*Na kuɗi ko lokaci.* A ƙara leburori ko a rage, a yi aikin dare, a fara katanga kafin soko-awe. Wannan tsakanin mai gida da ɗan kwangila ne. Kada ka zama ɗan aike mai kai wa wannan maganar wancan, domin a ƙarshe su za su shirya, kai a ce kai ka haɗa su. Kira su a waya ɗaya, ko ka rubuta a zaure ɗaya na WhatsApp da dukansu ke ciki: "Aikin kaza yana tsaye har ku ba ni magana ɗaya."

*Na ƙarfin gini ko ran mutum.* Wannan ba a ciniki a kansa, kuma ba ka buƙatar izinin kowa kafin ka ce a dakata. Ga waɗanda suka fi yawan zuwa.

Rage siminti. Kwaɓin da aka saba yi wa dakin da fila (ginshiƙi) da bim (kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai) a ƙananan gidaje shi ne 1:2:4, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, sai in zane ya faɗi wani. Buhu mai kilo 50 yana cika kwanon sarki biyu, don haka buhu ɗaya yana tafiya da kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa. Kowace mita ɗaya ta kankare, tsawo da faɗi da zurfi, tana cin buhu shida da ɗoriya. Dakin mai faɗin murabba'in mita 100 da kaurin milimita 150 zai ci kusan buhu 95, ban da bim. In aka sauke maka 70 aka ce "ka lallaɓa", ba lallaɓawa ba ce, yashi za a ƙara. Tun da buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da yawa a farkon 2024, wannan matsin ya ƙaru a kan foman. Amsarka lissafi ce a takarda, ka tura wa injiniya hotonta.

Sauya rodi. Zane ya ce milimita 16, an kawo 12, aka ce ai bambancin kaɗan ne. Ba kaɗan ba ne: ƙarfen da ke cikin rodi mai 12 bai kai kashi 60 cikin ɗari na mai 16 ba. Injiniya ne kaɗai zai iya sake lissafi ya ce a ƙara yawa ko a matse tazara.

Kwance katako da wuri. Gefen fila da gefen bim ana iya kwancewa bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Gorar da ke ƙarƙashin dakin da bim kuwa, kwana 21 aka saba bari a gine-ginenmu, kuma injiniya ne zai rage ko ya ƙara gwargwadon faɗin ɗakin. Kankare a kwana 7 bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa ba, a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Ban ruwa kuma aƙalla kwana 7 a jere, safe da yamma, musamman a bazara da lokacin hunturu mai busar da komai.

Ƙara hawa. Ginin da aka zana hawa biyu ba ya zama uku don mai shi ya samu kuɗi. Harsashi da fila an auna su ne da nauyin farko. Sai injiniya ya sake lissafi, hukumar tsara birni kuma ta amince, kamar KNUPDA a Kano. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi, Legas, ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe fiye da mutum 40, kuma mafi yawansu masu aiki ne a cikinsa. Wanda ke ƙarƙashin dakin ranar da zai sauko ba shi ya yanke shawarar ba.

Rami mai zurfi. Da zarar haƙa ya wuce mita 1.2, musamman a ƙasa mai yashi ko bayan ruwan sama, sai an tokare bango ko an kwantar da gefensa. Ƙasar da aka haƙo a tara ta nesa da bakin ramin.

Yadda za ka ƙi ba tare da ka ci fuskar kowa ba: ja mai gida gefe, kada a gaban baƙinsa ko ma'aikata. "Alhaji, in na kwance gorar nan gobe, na sa ran yaran nan da dukiyarka a haɗari. Ga lambar Injiniya, in ya rubuto a kwance, da asuba za mu fara." Ka mayar da maganar hannun mai hurumi, ba ka ce ka fi shi sani ba.

Hattara: kada ka ce "to" a gabansa sannan ka yi wani abu a bayansa. Foman da yawa suna haka don gudun faɗa, sai su wayi gari suna riƙe da asirin da ke hana su barci. Ranar da ya gano, amanar ta tafi ke nan.

Mataki na 5: Minti goma na safe

Kafin a ɗauki shebur, tara kowa gaban allo. Wa zai yi me, a ina, da wane lebura, zuwa ƙarfe nawa. Lebura ɗaya, birkila ɗaya. Yaron da birkila biyu ke kira a lokaci guda, wannan na cewa "kwaɓi", wancan na cewa "bulo", yana cikin halin da kake ciki kai ma, sai dai shi ba shi da littafi.

Jerin masu sana'a shi ne inda faɗa ya fi tashi. A dakin: kafinta ya gama, mai ɗaurin rodi ya shimfiɗa, mai wayarin da mai famfo su binne bututunsu, injiniya ya duba ya sa hannu, sannan a zuba. Sanar da mai wayarin kwana biyu kafin ranar, kada da safiyar zubi. In an tsallake shi, sassaƙa kankare za a yi daga baya, kowa yana zagin kowa.

Hattara: kada a fara zubi sai siminti da yashi da tsakuwa da ruwa da man inji sun cika a ƙasa, ka ƙirga da idonka. Zubin da ya tsaya a tsakiya yana barin gaɓa mai rauni. Kwaɓin da ya fara daskarewa kuma ba a farfaɗo da shi da ruwa, zubarwa ake yi.

Mataki na 6: Maganar kuɗin ma'aikata

Ba abin da ke sa foman gaba kura baya siyaki kamar yammacin biya. Shi ya ɗauko mutanen, wasu ma 'yan garinsu ne, shi suke kallo, kuɗin kuwa yana aljihun wani.

Kafin mutum ya taɓa aiki a tsayar: yini ne ko jinga? In yini ne, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, kuma me za a ƙara in zubi ya kai dare? In jinga ce, a kan me, kuma wa zai biya in an ce a rusa a sake? In canjin ra'ayin mai gida ne, shi zai biya. In kuskuren hannu ne, na mai aiki ne. A rubuta, a karanta masa a gaban mutum ɗaya.

Jinga tana da tarko. Birkilan da ake biya da ƙidayar bulo sauri yake so, kai kuma miƙewar bango kake so. Don haka a sa a cikin sharaɗi cewa bulon da igiya da ma'auni suka amince da shi kaɗai ake ƙirgawa, ka kuma duba a layi na uku, kada ka bari sai an kai linta, wato saman ƙofa da taga.

Hattara: kada ka yi alkawarin ranar biya da bakinka in kuɗin bai shigo hannunka ba. Ce, "Oga ya ce Alhamis, ga saƙonsa." Kada kuma ka saba biyan leburori daga aljihunka da sunan za a mayar maka. In ta kama dole sau ɗaya, rubuta, ka tura hoton shafin a ranar. In an yi sati biyu ba a biya ba, gara ka sallami mutane su nemi na abinci a wani wuri da ka riƙe su a kan "gobe".

Ga masu aiki da kamfani, Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki. Ka nemi taka, ka ga an rubuta aikin da aka ɗauke ka ka yi.

Mataki na 7: Rana, ruwa, hutu

Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Mai aikin ƙarfi a irin wannan rana yana buƙatar kusan kofi ɗaya na ruwa kowane minti 15 zuwa 20, ko bai ji ƙishi ba. Ajiye randa ko kula a inuwa kusa da wurin aiki, ruwan sha dabam da na kwaɓi. Aiki mai nauyi a fara shi bayan asuba, daga azahar zuwa la'asar a koma na inuwa. Dokar Ƙwadago ta ce wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a yini yana da hutun da bai gaza awa ɗaya ba, da kuma yini guda cur a kowane kwana bakwai.

Da azumi a shirya tun kafin ganin wata: a fara da sassafe a tashi kafin rana ta take, manyan zubi a kai su bayan shan ruwa in akwai fitila mai kyau. Lokacin salla da na Juma'a a sa su a allo, domin kada mutum ya tsaya yana zaɓa tsakanin jam'i da fushin foman.

Hattara: wanda ya fara magana ba kan gado, ko yana tangaɗi, ko jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ba ragwanci ba ne. A kai shi inuwa, a cire masa riga, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a nufi asibiti. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki.

Mataki na 8: Gane wanda abin ya fara ci, har da kai

Ba wanda zai zo ya ce maka damuwa ta yi masa yawa. A aikinsa za ka gani. Birkilan da bangonsa ke miƙe kamar zare ya fara karkata. Mai raha ya yi shiru, ya koma cin abincinsa shi kaɗai a bayan tarin bulo. Ƙananan raunuka sun yawaita: yau guduma a yatsa, gobe ƙusa a ƙafa. Faɗa a kan shebur. Ciwon kai kullum, ranar Litinin ba ya zuwa aiki.

Same shi shi kaɗai, bayan an tashi. "Malam, kwana biyu na ga ba ka cikin walwala. Lafiya dai? Ko akwai abin da ya tsaya maka a nan?" Ka saurara. Sau da yawa abin a hannunka yake: kuɗin da aka riƙe, ko mutum biyu da ke aiken sa, ko aikin da bai iya ba kuma yana jin kunyar faɗa. A ranar da ka ga haka kada ka hau da shi sama, kada ka ba shi inji.

Maganar ƙwaya kuwa sai a faɗe ta a fili. Tramadol ya shiga wuraren gini da sunan maganin gajiya. Yana ɓoye ciwo, mutum ya yi ta ɗaukar kaya har ya ji wa bayansa rauni bai sani ba, yana kawo jiri, kuma in ya yi yawa yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Ka tuna a kan katakon hawa yake. Foman da ke sa mutum goma aikin mutum ashirin, ya kuma kau da kai daga abin da suke haɗiya da shayi, yana da hannu a ciki. Wanda ya riga ya saba kada a ce ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, a haɗa shi da likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano, kuma suna karɓar masu fama da shaye-shaye da rashin barci da damuwa, ba sai wanda ya fita hayyacinsa ba. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, a nemo danginsa a kai shi a ranar.

Kai ma ka duba kanka. In kana farkawa ƙarfe uku na dare kana ƙirga buhu, in ƙarar waya tana sa gabanka faɗuwa, in yaranka sun fara ɓuya idan ka shigo, abin ya kai. Tsayar da lokacin da kake daina ɗaukar wayar aiki, ka sanar da manya, ka ba maigadi damar kiran ka in gobara ce ko sata. Horar da mataimaki ɗaya da zai riƙe wurin ranar hutunka. Ka je a auna maka hawan jini, domin ba ya sallama kafin ya shigo.

Mataki na 9: Idan an ƙi ji

Ka faɗa, ka rubuta, an dage sai an yi abin da ka san zai iya kashe mutum. Rubuta takarda gajera: abin da aka umarta, dalilin da ya sa ba za ka yi ba, kwanan wata. Ka ba ɗan kwangila da injiniya da mai gida, ka riƙe kwafi a gida, ba a wurin aiki ba. Ɗauki hotuna. Fitar da mutanenka daga ƙarƙashin wurin. In ginin yana barazana ga maƙwabta ko masu wucewa, kai rahoto hukumar tsara birni ta jiharku. In an ce ko ka yi ko ka tafi, lissafa haƙƙinka da na yaranka a rubuce, ka miƙa makulli a gaban shaida.

In kuwa wani ya ji rauni, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta shafi har ma'aikacin wucin gadi da wanda aka ɗauka da baki. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Ma'aikaci ya sanar da mai aikinsa cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto hukumar cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Sashe na 8 na dokar ya ambaci damuwar ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo, har da wadda ta samo asali daga ɗora wa mutum aikin da ya fi ƙarfinsa ba bisa adalci ba, muddin likita ya tabbatar. Ƙananan 'yan kwangila da yawa ba su yi rajista ba, saboda haka ka tambaya tun ranar da za ka karɓi aikin. Abin da za a fara nema a wurinka shi ne takardar asibiti, da sunayen waɗanda suka ga abin, da shafin littafinka na wannan ranar.